Bidiyon da Malam Ya Ce Kada a Yanke

Wanda ya ce zai tarye ni a filin jirgin Guangzhou har yau bai zo ba. Na zauna a kan jakata ina kallon ƙofa, duk baƙin mutumin da ya gifta sai in miƙe in washe baki, shi kuwa ya wuce abinsa. Lambar da ejan da ya shirya mini tafiyar a Kano ya ba ni na buga ta har wayar ta yi zafi, wata mata ce kawai ke amsawa da yaren da ko kalma ɗaya ban sani ba. Ni kuwa ina ta ce mata, "Hajiya, don Allah ba shi wayar." Daga baya na gane ba ma mutum ba ce, na'ura ce ke gaya mini babu wannan lamba.

Sunana Sagiru. Garinmu wani ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, a bakin babbar kanal, hanyar ruwan noman rani. Mahaifina, wanda mu 'ya'yansa da mutanen gari duk Malam muke ce masa, yana da makarantar Islamiyya a ƙofar gida, yana noman shinkafa da damina, alkama da tumatir da rani. A cikin 'ya'yansa ni ne wanda hannunsa ba ya zama lafiya in ya ga inji. Injin ban ruwa, injin casa, injin huɗa, duk na ƙasar Cana ne a wajenmu, kuma kullum akwai wanda ya tsaya. Da aka ce akwai makarantar koyon injinan noma a can ƙasar da ake ƙera su, Malam da kansa ya ce in je in koyo abin daga tushe.

Wani Alhaji ɗan Maraɗi ne ya tsince ni a filin jirgin. Ya ji ina salati da ƙarfi, ya juyo ya ce, "Kai yaro, Bahaushe ne?" Wallahi saura kaɗan in rungume shi. Ya kai ni masaukinsa, na kwana a tsakanin kwalayen takalma da fitilun caji. Washegari ya sa wani mai yi masa tafinta ya bincika mini makarantar. Ashe ejan ya haɗa gaskiya da ƙarya ne ya dama. Makarantar akwai ta, sunana ma yana can, sai dai ba a Guangzhou take ba, tana wani ƙaramin gari a lardin Hunan. Ɗakin kwana da abincin da ya yi rantsuwa an tanada kuwa, babu wanda ya taɓa jin zancensu.

"Ko dai ka koma gida?" in ji Alhajin.

Na ce, "In koma in ce wa Malam me? Na je na ga filin jirgi?"

Ya yi dariya, ya saya mini tikitin jirgin ƙasa, ya cika mini leda da dabino da garin kwaki. Ban sake ganinsa ba. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Garin da na sauka sanyi ne ya tarye ni, kuma ba irin namu ba ne, wannan mai laima ne, ya shiga ƙashi ya zauna. Ɗakin da na samu a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, bango yana tsattsafo da ruwa, tabarmar salla ma sai na shanya ta. A makaranta an ce sai na yi shekara ina koyon yare kafin a bar ni in taɓa ko sifana. Abinci kuwa a daina zancen. Duk abin da na nuna da yatsa sai in ji gabana ya faɗi, don ban san abin da aka yanka a ciki ba. Na yi kwanaki daga ayaba sai dafaffen ƙwai, har wandona ya fara zamewa.

Wata rana na hango rubutun Larabci a saman wani ɗan shago, na shiga kamar an jefo ni. Mai shagon Musulmi ne, sunansa Ma, taliya yake ja da hannu yana sayarwa. Ya taɓa zama a makarantar masallaci a garinsu, don haka da guntun Larabcinsa da wanda na kwasa a gaban Malam muka fahimci juna. Shi ya fara ganina ina salla a bayan shagon, ya jira na sallame, sannan ya kama kafaɗuna ya juya ni. Ashe tun zuwana gabas nake kallo kamar a gida, alhali daga can alƙibla yamma take. Na rama sallolina ina jin haushin kaina, Ma yana ta ƙyaƙyata dariya yana jan taliya.

Duk da haka sanyin nan ya kusa kayar da ni. Bayana ya riƙe, in na sunkuya ɗaura takalmi sai na dafa bango kafin in miƙe. Barci ya ƙaurace mini. Kewar gida kuwa, ba zan ɓoye ba, na yi kuka, kuka na sosai da majina, ni da nake ganin kaina namiji. Abin da ke riƙe ni ranar Juma'a ce. Da yammacin can, safiyar gida ke nan, sai in kira wayar yayana Tasi'u, ya miƙa wa Malam. Malam ba mai doguwar magana ba ne. Zai tambayi salla, ya tambayi karatu, ya gaya mini ko an sako ruwa a kanal, ya sa mini albarka. Da wannan nake cin mako guda.

A bayan unguwar akwai wata kanal da aka ɗaure da siminti. Ruwanta bai kai namu kyau ba, amma dai kanal ce, don haka bayan asuba nakan je in bi bakinta ina tafiya. A nan na fara ganinsu. Tsofaffi ne maza da mata a wani fili, sun jeru sahu-sahu, suna ɗaga hannu a hankali, su tura iska, su jawo ta, su ɗaga ƙafa kamar mai tsoron taka ƙaya. Na ce a raina, Allah sarki, marasa lafiya ne aka fito da su shan iska. Da na ga kullum suna nan, kuma babu likita, sai na ce to lallai ƙwaƙwalwa ce. Na samu benci na zauna ina kallo, na samu silima kyauta.

Jagoransu wani tsoho ne gajere mai farin gashi, Liu sunansa, ni kuwa Baba Liu na riƙa ce masa har na baro ƙasar. Ran nan ya ga yadda nake miƙewa daga bencin ina dafe ƙugu. Ya zo ya danna bayana da babban yatsa, daidai wurin, na yi ƙara. Ya gyaɗa kai, ya ja hannun rigata zuwa ƙarshen sahu. Ya ce abin sunansa taici.

Na shiga ne don kada in ƙi tsoho. A raina ina cewa, ni da na yi dashen shinkafa a laka tun daga safe har la'asar, wannan wasan yaran ne zai gagare ni? Tabɗi! Ba a je ko'ina ba cinyoyina suka fara rawa. Gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe, ba sauri, ba tsayawa, ga numfashi an ce shi ma da ƙa'idarsa. Wata tsohuwa da ta girmi kakata tana gefena ko gumi ba ta yi, ni kuwa na jiƙe sharkaf a cikin sanyin. In sun yi dama in yi hagu, har na ture wani dogon tsoho mai riƙe tutar ƙungiyar. Ya dube ni sama da ƙasa ya ja tsaki. Tun daga ranar na sa masa Mai Tsaki, kuma bai taɓa ba ni kunya ba, kullum sai ya yi.

Amma ranar na yi barci. Na koma washegari, na sake komawa. Kafin sanyi ya wuce bayana ya saki, ina cin abinci kamar gara. Da Baba Liu ya raka ni wata rana ya ga inda nake kwana, sai ya naɗe tabarmata ya sa a hammata ya yi gaba. Ɗansa yana aiki a wani birni, ɗakinsa a rufe yake, shi ya buɗe mini. Matarsa ta sayo sabuwar tukunya da cokali ta ware mini, ta nuna mini da hannu cewa alade ba zai taɓa su ba. Na yi ta neman abin da zan ce, yaren bai kai ba, sai na durƙusa kamar yadda ake yi wa manya a gida. Suka zabura suka tallafo ni, sun zaci faɗuwa zan yi.

Ana nan, wata safiya na ba wani ya ɗauke ni ɗan gajeren bidiyo a cikin sahu, na tura wa abokina Lawwali don ya yi dariya. Lawwali kuwa bakinsa da wayarsa duk ɗaya ne, ba sa riƙe komai. Kafin kwana biyu bidiyon ya zaga garinmu, ya je Kura, ya je kasuwar Bunkure. Abin da mutane suka gani shi ne ɗan Malam a tsakiyar waɗanda ba Musulmi ba, an yi sahu, an fuskanci rana tana hudowa, ana ɗaga mata hannu a natse. Lokacin da ko nafila an hana. Mu kuwa ranar muke kallo saboda ɗumi, don in ka juya mata baya a wannan sanyin sai haƙoranka su kama kaɗawa. Amma wa zai tsaya ya tambaya?

Juma'ar da ta biyo baya na kira, Yaya Tasi'u ya ɗauka, ko gaisuwata bai amsa da kyau ba.

"Sagiru, me muke gani haka? Bautar rana aka tura ka koyo?"

"Haba Yaya! Motsa jiki ne fa, kamar yadda 'yan ƙwallo suke yi."

"'Yan ƙwallo gudu suke yi. Wannan har da lumshe ido. Ka san abin da aka faɗa wa Malam a bakin masallaci? An ce mai koya wa 'ya'yan mutane tauhidi ya kasa koya wa nasa."

Raina ya ɓaci, na fara faɗa, na ce waɗanda ba su taɓa wuce Kwanar Ɗangora ba su ne za su gaya mini abin da ake yi a Cana? Ya bar ni na gama, sannan ya ce Malam yana karatu, ba zai samu zuwa waya ba. Juma'a ta gaba ma yana karatu. Ta gaba ma haka. Malam da ko zazzaɓi yake sai ya karɓi wayata. Zagi da duka duk na san yadda ake ɗaukarsu, amma shirun Malam ban san inda zan sa shi ba. Na daina zuwa filin, na koma kwanciya, na koma ramewa. Baba Liu ya yi ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da safe, in ce masa kaina ke ciwo.

Sai wata Juma'a Yaya ya ce yana da saƙo.

"Malam ya ce bai ce ka bari ba, bai ce ka ci gaba ba. Ya ce ba a yanke hukunci da guntun abu. In gaskiya ne motsa jiki ne, ka nuna masa shi tun daga farkonsa har ƙarshensa, kada a yanke ko'ina. Amma ya ce in ya ga ka sunkuyar da kai ga wani abu ba Allah ba, to ka nemi wani uban a can."

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne!" Har da dariyata. Da ma ana shirin babban taron shekara, inda ƙungiyoyin taici na unguwanni ke haɗuwa a dandalin gari, kowace ta nuna nata a gaban jama'a. Baba Liu ya daɗe da cewa da ni za a yi. Na koma fili da ƙarfina. Aka ɗinka mini fararen kaya masu santsi irin nasu, wandon ya tsaya mini a ƙwauri, tsofaffin mata suka ƙara masa ƙyalle suna dariya. Ma ya ce zai rufe shago ranar, shi zai riƙe waya.

Ana saura 'yan kwanaki muka yi gwaji na ƙarshe, yadda za a yi a dandalin tun daga shigowa. A nan ido ya raina fata. Aka kawo tebur, aka ɗora hoton wani tsoho mai gemu a cikin gilashi, aka ajiye furanni. Muka shigo a jere bayan tuta, muka tsaya. Baba Liu ya yi kira, sai kowa ya sunkuya wa hoton, ruku'u sosai, har sau uku. Ni kaɗai na rage a tsaye kamar an dasa ni. Kullum da safe ba a yin wannan, gaisuwarsu dunƙule hannu ce a cikin tafi. Wannan na ranar taro ne kawai, kuma da shi ake buɗewa.

Na ruga wajen Ma. Ya ce hoton malamin Baba Liu ne, wanda ya ɗauke shi yana maraya a shekarun yunwa, ya ciyar da shi, ya koya masa abin. Ba bauta suke yi ba, girmamawa ce, amma a gaban jama'a wanda ya ƙi sunkuyawa kamar ya tofa wa mamacin yawu ne, kuma kunyar a kan jagora take sauka.

"Ka fara ɗauka bayan an gama sunkuyon mana," in ji Ma. "Wa zai sani?"

Na ce, "Ba ka san Malam ba. Yaro ya tsallake aya ɗaya a tsakiyar hadda, yana gyangyaɗi ma sai ya ɗago. Kuma ko bai gane ba, ni ai na sani. Sunkuyon ma ko babu waya ba zan yi ba."

"To kada ka je."

"In ban je ba, me zan nuna masa? Cewa za a yi na ɓoye wani abu."

Ƙarshe na roƙe shi ya raka ni wajen Baba Liu, don yarena bai kai na wannan magana ba. Muka same shi yana ba tsuntsunsa abinci a keji. Na faɗa, Ma yana gyarawa. Na ce a addinina ba a yi wa kowa ruku'u sai Allah, ko mahaifina ban taɓa yi wa ba, ko kabarin kakana. Na ce ba raini ba ne. Na gaya masa zancen bidiyon, da saƙon Malam kalma da kalma. Tsohon ya saurara har ƙarshe, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya tambayi Ma abu ɗaya, wai mahaifin nawa malami ne mai ɗalibai? Aka ce masa e. Ya rufe kejin, ya shige ɗaki, ya bar mu a tsaye.

Kwanakin da suka rage ba su yi mini daɗi ba. Muna gida ɗaya amma gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Da ya gama shan shayi sai ya fice, ba ya dawowa sai yamma. Na tabbata na ɓata masa. Mutumin da ya ɗauke ni daga ƙarƙashin bene, ga abin da zan saka masa da shi a gaban garinsu. Har na fara haɗa kayana a jaka, don na san bayan taron ba ni da fuskar ci gaba da zama. Amma shawara ɗaya na yanke: zan je, zan tsaya ƙyam, abin da zai faru ya faru.

Ranar taro dandalin ya cika maƙil. Ƙungiyoyi kala-kala, masu jajayen kaya, masu shuɗi, masu takubba, masu mafici, ga ganguna, ga manyan gari a kan kujeru a rumfa. Ni kaɗai ne baƙar fata a wurin, kuma na fi kowa tsawo a sahunmu, don haka duk wayar da aka ɗaga ni take kallo. Na hango Ma a gaba ya ɗaga tasa da hannu biyu. Na yi masa alama ya fara tun daga nan.

Aka kira unguwarmu. Muka shiga a jere, Mai Tsaki a gaba da tuta a kan doguwar gora, shi da aka ce ya fi shekara nawa yana riƙe ta, ko jikansa bai yarda ya taɓa ba. Muka tsaya a gaban teburin. Ina ta karanta duk abin da ya zo mini. Baba Liu ya fito gaba, ya buɗe baki zai yi kira, sai ya dakata ya waiwaya.

Sai ga Mai Tsaki ya baro wurinsa, ya ratso sahu har inda nake. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ja tsakin da ya fi na kullum tsawo, ya danƙa mini gorar a hannu. Ya kama gwiwar hannuna ya ɗaga sama, ya buga mini baya don in miƙe sosai, ya faɗi wata magana a fusace wadda na gane rabinta: kada in kuskura ta karkata. Sannan ya shiga gurbina ya tsaya.

Baba Liu ya yi kira. Kowa ya sunkuya, sau uku, ni ina tsaye da tuta tana kaɗawa a sama. Babu wanda ya yi gunaguni, babu wanda ya nuna ni da yatsa. Ashe a al'adarsu mai riƙe da tuta ba ya sunkuyawa, domin tutar malami ba ta kallon ƙasa. Kowa a dandalin ya san haka, ni kaɗai ne ban lura ba ranar gwaji, saboda tashin hankali. Abin da jama'a suka gani shi ne an karrama baƙo, har wasu suka tafa.

Ana gamawa Mai Tsaki ya dawo ya fizge kayarsa kamar na sata. Aka saki kiɗa mai sanyi, muka fara. Ban san yadda na yi ba, gaskiya, idona cike yake da ruwa, sahun gabana kawai nake bi. Na ɗaga, na tura, na juya, na tsaya da ƙafa ɗaya, har muka sauke hannu tare aka yi tafi. Ma bai sauke wayar ba sai da muka fita daga dandalin.

A hanyar gida matar Baba Liu ta gaya wa Ma inda mijinta yake zuwa duk kwanakin nan. Gidan Mai Tsaki yake tafiya, ya zauna, a yi shayi, a yi musu, a kore shi, gobe ya koma. Na je zan yi wa Baba Liu godiya, ya ɗaga hannu ya tare ni. Ya ce, Ma yana fassarawa, shi ma da malaminsa ya hana shi abu ba ya yi, ko bayan ya mutu. Daga nan ya tambaye ni dalilin da ya sa na cusa kayana a jaka, ko wanki nake nufi.

Na tura bidiyon gida yadda yake, da hoton, da furannin, da sunkuyon, ban taɓa ko'ina ba. Sai da ya wuni yana tafiya saboda nauyi. Yaya Tasi'u ya rubuto cewa ya shiga. Daga nan shiru. Na san akwai abin da Malam zai iya kamawa a ciki in ya so: me ya kai ka wurin tun farko, me ya haɗa ka da tutarsu. Na shirya amsoshi, na rushe, na sake shiryawa.

Ranar Juma'a da yamma na zauna a bakin gado na kira. Yaya ya ɗauka, na ji takunsa, na ji hayaniyar yara da kukan kaji, sannan na ji an yi gyaran murya.

"Sagiru."

Na zame daga gadon na durƙusa a ƙasa, kamar yana ganina. "Allah ya gafarta Malam. Kun tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Na ga abin. Wannan gajeren mai furfura, shi ne mai masaukin naka?"

"Shi ne, Malam."

"Shi ya sa aka ba ka sandar nan?"

"Shi ne."

"To. Ka gaishe shi. Ka ce na ce ya san haƙƙin baƙo, kuma na gode. Shi ma dogon mai ɓacin ran ka gaishe shi."

Na ce to. Ina jiran sauran, don na san akwai saura.

"Amma kai, me ya sami ƙafarka ta hagu?"

"Ƙafata, Malam?"

"Duk inda aka juya kai ne na ƙarshe. Tsofaffi sun ɗaga sun ajiye, kai kana nan kana lalube. Na sa Tasi'u ya mayar da shi baya na sake dubawa, na kuma sakewa. Wajen da ake tsayawa da ƙafa ɗaya har tangaɗi ka yi, tsohuwar da ke gefenka ko motsi. Ba ka ji kunya ba? In za ka yi abin mutane ka yi shi da kyau, kada ka zubar wa mai masaukinka da mutunci. Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin, amma muryar ba ta fito ba. Na sake gwadawa, ta ƙi. Har sai da na ji ya janye wayar daga kunnensa yana cewa, "Tasi'u, zo ka duba mini abin nan, kamar ya katse."